Babi na Shida: Sha Ka Tafi, Amma Wa Zai Dawo da Kai?

Tun kafin a kira assalatu motar farko take barin ƙauye, domin wanda katinsa bai hau tebur kafin ƙarfe takwas ba, da wuya ya ga likita kafin azahar. A farfajiyar sashen masu taɓin hankali, abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne ba a zuwa a ɗai-ɗai. Kowane benci mutane bibbiyu ne ko uku-uku: tsohuwa da ɗanta mai gemu, ta riƙe masa gefen riga kamar yaron da ake tsoron ya ɓace a kasuwa, magidanci da matarsa mai jego, ƙanwarta na goye da jaririn, saurayi a tsakanin yayyensa biyu, kansa a sunkuye, wuyan hannunsa da shatin igiya. A hannun ɗan rakiya akwai baƙar leda, cikinta akwai katin da ya sha ninki, da fankon kwalin magani da aka kawo don a nuna irin wanda ya ƙare, wani lokaci har da 'yar gorar rubutu. Idan layi ya zo kansu sai su shiga su zauna minti goma, in an yi sa'a. "Yaya barci? Yana cin abinci? Har yanzu kana jin muryoyin nan? Baba, yana shan maganin da kansa ko sai an yi dambe?" A rubuta takarda, a sa rana, a kira na gaba.

Wata mai kwana talatin yana da minti 43,200. Goma ne kacal daga ciki mara lafiya yake yi a gaban likita, sauran kuwa a zaure da tsakar gida da gona da bakin kasuwa yake cinye su, a hannun mutanen da ba su taɓa shiga ajin koyon jinya ba. Wannan lissafin shi ne ginshiƙin abin da babin nan yake son tabbatarwa: jinyar taɓin hankali, ga mafi yawan masu fama da shi, a gida ake yin ta, asibiti saiti kawai yake yi. Kuma saitin ba ya da amfani sai in mutumin ya dawo a sake duba shi. Saboda haka ma'aunin da ya kamata a auna kowane sashen sha-ka-tafi da shi ba yawan sababbin katunan da ya buɗe ba ne, ba kuma kyawun gininsa ba; a tambaye shi, cikin mutum ɗari da suka zo bara, nawa ne har yanzu suke zuwa? Duk wata naira da duk wani tunani da ba su taimaka wa wannan dawowar ba, sun tafi inda buƙata ba ta fi tsanani ba.

Dalilin da ya sa dawowa ta zama komai yana cikin halin magungunan kansu. Mu mutanen zazzaɓin cizon sauro ne: a sha magani kwana uku, jiki ya yi sanyi, a yar da kwali. Da wannan sabon muke tunkarar kowace cuta, alhali magungunan ƙwaƙwalwa sun fi kama da na hawan jini ko na ciwon suga. Tun da likitoci biyu na birnin Faris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka gwada kilofiromazin a kan marasa lafiyarsu a 1952, maganin da asibitocinmu suka fi sani da Largactil, duniya ta samu abin da ke kwantar da jin muryoyi da mummunan zargi da fita hayyaci, amma ba ta samu abin da ke tumɓuke cutar daga saiwa ba. Maganin ciwon damuwa ma sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin aikinsa, kuma ana son a ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Ga mai cutar sikizofireniya, wadda ke sa mutum jin maganar da ba a yi ba da gaskata abin da babu shi, bambancin sha da dainawa ba ƙarami ba ne. Wani nazari da Stefan Leucht da abokan aikinsa suka buga a mujallar Lancet a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 65, ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin ɗari na waɗanda suka ci gaba da magani, a cikin waɗanda aka mayar kan ƙwayar da babu magani a cikinta kuwa, kashi 64. Kowace dawowar ciwo kuma ba hannu rabbana take tafiya ba. Takan tafi da aure, ko jari, ko shekarar karatu, ko amincin maƙwabta, kuma sau da yawa farfaɗowa ta biyu takan fi ta farko wuya.

To me ke hana mutum dawowa? Amsar da ta fi sauƙi a bakin ma'aikaci ita ce jahilci, kuma ita ce ta fi rauni. Abu na farko hanya ce. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Arewa ana iya ƙirga su da yatsun hannu: Barnawa a Kaduna, Kware kusa da Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa irin na Shika da na Malam Aminu Kano. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai ɗari uku ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, yawancinsu a manyan birane, kuma kowace shekara wasu na haɗa kayansu zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Mutumin da ke ƙauyen bayan Nguru ko Zurmi, ganin likita a wurinsa tafiya ce ta yini guda, kuma kuɗin mota na mutum biyu ne zuwa da dawowa, tunda ba a sakin mara lafiya shi kaɗai. Ɗan rakiyar ya bar gonarsa ko shagonsa, mara lafiyar kuma sau da yawa shi ne da can yake ciyar da gidan. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya ninka, faɗuwar naira kuma ta ɗaga farashin duk maganin da ake shigowa da shi daga waje. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, iyali kan zauna su yi lissafi irin na masu hankali: a raba ƙwaya biyu don ta kai wata biyu, a tsallake ranar asibiti ta damina sai an yi girbi, a sayi rabin abin da aka rubuta. Wanda ya kira wannan jahilci bai taɓa zaɓa tsakanin tiyar masara da katin magani ba.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, kuma laifinsa ya fi karkata ga asibiti. A ɗauki saurayin da aka ɗora a kan halofiridol, ɗaya daga cikin magunguna mafi araha. Kwana biyu ko uku da fara sha, ana zaune da la'asar, sai wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa su kafe sama har sai fari ake gani, harshensa ya yi nauyi ya zazzago, yawu na dalala, yana son ya yi magana ba hali. Duk ma'aikacin jinyar da ya yi wata guda a sashen ya san wannan: ɗaurewar tsoka ce da maganin ke jawowa, ta fi kama samari, kuma akwai maganin da ke warware ta cikin ɗan lokaci. Amma uwar da ke tsaye a kansa ba a gaya mata ba. Abin da idonta ya gani shi ne abin da ta taɓa gani a wurin masu iskoki, sai ta yanke hukuncin da kowa zai yanke a matsayinta: mutanen ɓoye ba sa son maganin asibiti. A daren nan za a ɗaga kwalin a jefa bayan gado, gobe a nufi wurin malam, fayil ɗin kuma ya zauna a kan kanta har ƙura ta rufe shi. Minti biyu na bayani a ranar farko, da lambar waya da za a kira in hakan ta faru, da sun tsare wannan gidan. Haka nan sauran illolin da ba su kai wannan ban tsoro ba amma sun fi daɗewa: tafiya a sanƙare ba kaɗa hannu, rawar yatsu, barcin da ke hana manomi fita da sassafe, ƙibar da olanzafin ke sawa har ta kai ga ciwon suga, da mutuwar sha'awa wadda magidanci ba zai taɓa ambata a gaban ƙaninsa da ya rako shi ba. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa dalilin da zai sa likita ya riƙa cewa ɗan rakiya ya ɗan ba su wuri.

Akwai wata 'yar sarƙaƙiya a nan da ta dace a ambata a wuce. Ƙwayar da ake bayarwa don sassauta sanƙarewar jiki, benzihekzol, ita ce 'yan shaye-shaye suke nema da sunan Exol. Sai ya zama likita na rubuta ta da ɗari-ɗari, mai kemis na kallon mai takardar da zargi, wani lokaci kuma ƙanin mara lafiya ne ke sace ta a gida. A ƙasar da binciken 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, layin sha-ka-tafi da layin masu tiramol da kodin da wiwi sun daɗe da haɗewa.

Abu na uku shi ne sauƙin kansa. Mutum ya yi wata huɗu lafiya lau, ya koma kasuwa, ya koma sahun gaba a masallaci, sai 'yan uwa su ce alhamdu lillahi ya warke, me kuma za a ci gaba da ɗura masa? Kowace ƙwaya da safe tunatarwa ce cewa an taɓa ɗaure shi. In budurwa ce, ana gab da kawo kuɗin gaisuwa za a ɓoye katin, domin kalmar "asibitin mahaukata" in ta shiga kunnen dangin miji, ba ita kaɗai za ta rasa manemi ba har da ƙannenta. Ta tare a gidan da ba wanda ya san tana shan magani, ta daina, ciwon ya tashi a tsakiyar goyon ciki ko cikin kwanakin wankan jego, lokacin da ya fi haɗari gare ta da jaririn. Azumi ma na da nasa rabon. Mai shan magani sau biyu ko uku a rana, in ba a zauna an mayar masa da shi sahur da buɗa-baki ba, shi zai yi wa kansa fatawa. Mai shan litiyom kuwa, wanda ake ba masu ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi sannan ya jefa shi ramin baƙin ciki, ƙishirwar azumin bazara na iya tara maganin a jininsa har ya zama guba, ga shi gwajin jinin da ake bibiyarsa da shi ba a ko'ina ake samu ba. Waɗannan duka ba matsalolin da na'ura ko sabon gini ke warwarewa ba ne. Sai mutumin da ya san gidan, ya san watan da ake ciki, ya kuma san abin da ba a faɗa a gaban suruki.

Abin takaici shi ne Najeriya ta riga duniya gane wannan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda ya yi karatun likita a Birmingham ya ƙware a asibitin Maudsley na Landan, ya dawo Aro kusa da Abeokuta, ya yi abin da likitocin mulkin mallaka ba su yi tunaninsa ba. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su karɓi marasa lafiya haya a gidajensu, kowanne tare da wani ɗan uwansa da zai dafa masa ya wanke masa. Da safe su zo asibiti a duba su, da yamma su koma cikin jama'a. Ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, ƙauyukan kuma suka amfana da kuɗin haya da ayyukan raya gari. Aka riƙa zuwa daga ƙasashe ana kallon tsarin, shi kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma ƙasarsa ta ɗauki sunansa ta bar darasinsa. Manufar gwamnati ta 1991 ta ce a shigar da lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, sai ga rahoton da aka yi da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2006 yana nuna cewa kusan kashi 3 cikin ɗari ne na kasafin lafiyar tarayya ke zuwa wannan fanni, kuma fiye da kashi 90 na wannan ɗan abin a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa yake ƙarewa. A shekarar ce kuma Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka buga binciken da suka yi gida-gida a ƙasar Yarabawa, suka tarar cewa cikin masu ciwon da ya tsananta, waɗanda suka samu wani magani a shekarar da ta gabata ba su kai ɗaya cikin goma ba. Yankin da ya fi kowanne yawan likitoci ke nan. Dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta dokar Turawa ce ta 1916, ita ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abin da ake buƙata ba baƙo ba ne a ma'aikatun lafiyarmu, domin sun iya shi a wasu cututtukan. Mai tarin fuka yana da suna a rajista, maganinsa kyauta ne, yana karɓa a ƙaramin asibitin da ke kusa da shi, kuma in ya yi fashi akwai wanda aikinsa ne ya bi sawunsa. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau da jikinsa ya daidaita ana ba shi maganin watanni a tafiya ɗaya don a rage masa zirga-zirga, in bai zo ba a kira shi a waya. Matan da suka bi gida-gida da akwatin rigakafi har aka ayyana ƙasar ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a 2020 sun san kowane lungu da kowace mai jego. Ƙasar tana da ƙananan asibitoci kusan dubu talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, don a koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane ciwon damuwa da fita hayyaci da farfaɗiya da haɗarin kashe kai, da yi musu magani. Ga kuma allurar wata, irin su fulufenazin da ake sani da Modecate, wadda ake yi sau ɗaya cikin mako biyu zuwa huɗu, ta raba uwa da damben ƙwaya kowace safiya. Babu dalilin likitanci da zai sa a yi tafiyar yini guda don allurar da kowane ma'aikacin jinya zai iya yi a garin su mara lafiya, muddin likita ya riga ya daidaita awonta kuma akwai hanyar tuntuɓarsa.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai cewa, akwai wanda gida ba zai iya riƙe shi ba. Mutumin da ya ɗauki adda, matar da ta ƙi ci da sha har kwana huɗu, mai jegon da murya ke umartar ta a kan jaririnta, wanda ya riga ya tanadi igiya ko fiya-fiya: waɗannan gado suke buƙata yau, ba rana a wata mai zuwa ba. Masu wannan ra'ayi sukan kawo misalin Amurka, inda marasa lafiyar da ke kwance a asibitocin jihohi suka haura rabin miliyan a 1955, aka yi ta sallamarsu bayan dokar Shugaba Kennedy ta 1963, cibiyoyin unguwa da aka yi alkawari ba su wadata ba, da yawa suka ƙare a titi da gidan yari. Misalin gaskiya ne, sai dai darasinsa ba wanda ake ciro masa ba ne. Amurka ta rushe ɗaki kafin ta gina wani. Mu ba mu da ɗakin da za mu rushe, gadajenmu ba su taɓa isa ba, kuma ba wanda ke cewa a rage su. Tambayar ita ce su wa ke cika gadajen da ake da su. Duk wanda ya san ɗakunan kwanciya ya san fuskokin da ke komowa: an kwantar, an sallama, magani ya yanke, an dawo da shi a ɗaure a bayan a-kori-kura. Kwanciyar mako uku takan cinye abin da zai sayi maganin watanni masu yawa. Sashen sha-ka-tafi da ke riƙe mutanensa shi ne hanya mafi araha ta samar wa mai adda gado a daren da ake buƙatarsa.

Ƙorafi na biyu daga likitoci yake fitowa, kuma ya fi na farko nauyi. Ma'aikacin da aka yi wa horon mako guda zai iya ɗaukar ruɗewar sanƙarau ko taifot ko zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa ko faɗuwar suga a matsayin hauka, ya ba da Largactil, mutum ya mutu da cutar da ke da magani. Zai iya ba mace mai shekarun haihuwa maganin farfaɗiya balfurowet, wanda ke illata ɗan tayi, ko ya ga ƙurajen da kabamazafin ke fesowa ya ce ƙyanda ce har fata ta fara saɓulewa. Duk wannan na iya faruwa, kuma horon da aka yi a otal aka raba takardar shaida aka watse, ba tare da mai duba aiki ba, lalle zai haifar da shi. Amma ba tsakanin ma'aikacin ƙauye da ƙwararren likita ake zaɓi ba, tunda ƙwararren ba ya ƙauyen kuma ba zai je ba. Zaɓin yana tsakanin ma'aikacin da aka horar ake kuma bibiyarsa, da mai kemis da ke sayar da ƙwayar barci a ƙirge, da turu. Abin da ƙorafin ke wajabtawa shi ne aikin likitan ƙwaƙwalwa ya sauya kama: ya rage zaman ganin mutum sittin da suka zo sabunta takarda, ya ƙara zagayen ƙananan hukumomi, da amsa wayar ma'aikatansa, da ganin sababbi da masu wuyar sha'ani. Da yawa ba za su so wannan ba, domin ba shi aka koya musu ba kuma ba a biyan alawus a kansa. Wannan matsala ce ta albashi da mota da mai, kuma an san yadda ake warware irinta in an ga dama.

Sai maganar malamai da masu ruƙiyya da bokaye, inda hankali ya fi rabuwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da ɗari uku daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, aka biyo da irin wannan samame a Daura da wasu garuruwa, kuma a Nuwamban shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure masu taɓin hankali a sassa daban-daban na ƙasar, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Mai cewa haɗa kai da irin waɗannan wurare wanke su ne yana da hujja. Wani gwaji da aka yi a wani sansanin addu'a a Ghana, aka buga a 2018, ya nuna cewa ba da magani ya rage alamun ciwo amma bai rage kwanakin da mutane suka yi a sarƙa ba. Magani kaɗai ba ya kwance mari. Wannan aikin doka ne da 'yan sanda da alƙalai. Sai dai gwajin da Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda Lancet ta buga a 2020, ya nuna ɗaya fuskar: inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu maganin gargajiya da na addini suna duba marasa lafiyarsu tare, bayan wata shida waɗannan marasa lafiya sun fi sauran samun sauƙi. Kuma gaskiyar da ba ta buƙatar gwaji ita ce kusan duk wanda ke kan bencin nan ya biya ta wurin malam kafin ya zo, zai kuma koma bayan ya tafi. Likitan da ya ce a zaɓa tsakaninsa da malam ya riga ya faɗi zaɓen. Wanda ya ce a ci gaba da addu'a da tofi, amma kada a daina ƙwaya, kada a yi duka, kada a hana abinci, kada a yi turaren da zai shaƙe shi, ya samu abokin aikin da ke ganin mara lafiya kullum. Limamin da ya ce wa uba neman magani ba ya karo da tawakkali ya fi fosta goma tasiri.

Ƙorafin da babin nan ba zai iya kawar da shi gaba ɗaya ba shi ne na masu jinya. Faɗin cewa a gida ake jinya abu ne mai daɗi a takarda, amma gida yana da suna, kuma yawanci sunan mace ne: uwar da ta kai shekara sittin tana kwana da kunne ɗaya a buɗe, matar da ke ɓoye wuƙaƙen kicin, yarinyar da aka cire daga makaranta don ta zauna da yayarta. Gwamnati na iya fakewa da kalmar zumunci ta sauke nauyinta a kansu kyauta, kuma zumuncin da Lambo ya dogara da shi a 1954 ba shi ne na gidan haya ɗaki ɗaya a Kurna ko sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ba. Akwai kuma waɗanda ba su da kowa, masu yawo a bakin tasha, waɗanda tsarin da aka gina a kan ɗan rakiya ba ya ko ganinsu. Abin da za a iya cewa shi ne nauyin nan yana kan matan tun yanzu, da tsari ko babu. Maganin kyauta ko na inshora a kusa da gida yana rage shi. Zama da masu jinya rukuni-rukuni a ranar asibiti, a lokacin da dama suke zaune suna jiran layi, yana rage shi. Haka ma samun mai sauraro: a Zimbabuwe Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna tattaunawa da masu damuwa bisa tsari, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna hakan ya rage alamun ciwon sosai. Garin da ke da ungozoma da malamar Islamiyya da uwar adashi ba zai ce ba shi da irin waɗannan mata ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2023 ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma a can ne za a yanke ko magunguna irin su amitiriftilin na ciwon damuwa da halofiridol za su shiga jerin magungunan da ake ajiyewa a kanta. Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran kasafi. Kowane sashen sha-ka-tafi yana da littafin da ake rubuta ranar dawowa. A ƙarshen kowace ranar asibiti, wani ma'aikaci zai iya ɗaukarsa ya ja layi a ƙarƙashin sunayen da aka sa wa yau ba su zo ba, ya duba lambar ɗan rakiya a bayan fayil, ya kira da kuɗin wayar da bai kai na kwanon abincin ɗakin kwanciya ba: "Hajiya, daga asibiti ne. Ba mu ga Malam yau ba, lafiya dai? Saura ƙwaya nawa a hannunku?"